Wa Ke Riƙon Tsohuwar Nan?

Ranar da mai shela ya zaga unguwarmu yana cewa gwamnati za ta ba masu jinyar tsofaffi kuɗi, ina tsugune ina wanke zannuwan Inna, ko kai ban ɗaga ba. Zamanin soja ne, shekarun da in mutum zai ambaci gwamnati sai ya waiga hagu da dama tukuna, ko da a ɗakin uwarsa yake. Shelar ta ce duk wanda ke riƙe da tsoho ko tsohuwar da ba ta iya yi wa kanta komai, kuma samunsa bai taka kara ya karya ba, ya je wurin mai unguwa a rubuta shi. Za a zo har gida a duba. Wanda aka ga ya cancanta, duk wata uku akwai ɗan kuɗi da hatsi.

Babu wanda ya yarda a Gaya. Mun saba in aka rubuta sunanka, lanho ne ke biye, wato haraji. Wasu suka ce dabara ce ta leƙa rumbuna a gane masu tsallakar da gero Nijeriya. Wasu suka ce ƴan fasa-ƙwauri ake nema. Wata dattijuwa ta rantse da kabarin ubanta cewa tsofaffin za a kwashe a tara a wani gida a Yamai, a aske musu kai, a riƙa ba su abinci da cokali. Ni ban zaɓi ɗaya ba, duka na yarda da su. Haka Allah ya yi ni: in aka ba ni goro sai na ɓare na duba tsutsa kafin in ce na gode.

Lokacin Inna ta shekara biyu a kwance. Ɓarin jikinta na dama ya mutu tun wata safiya da ta faɗi a bakin rijiya, ga yana ta rufe mata ido, inuwar mutum kawai take gani. Kunne kam, ko kaza ta taka tabarma a tsakar gida sai ta faɗa maka ta wane gida ce. Kafin faɗuwarta ni ƴar gada ce. Nakan kai muruci da busasshen kifi kasuwar tsallaken kogi, ƙasar Benin, in dawo da garin rogo da manja. Mijina ya rasu, ƴaƴana mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ina cin gumina ba na roƙon kowa. Da ta kwanta sai tafiya ta tsaya, don wanda ba ya iya juya kansa ba a barinsa tun asuba har la'asar. Jari ya narke, tasoshin aurena suka bi, akuyoyi suka bi bayansu. Na koma cinikin ƙofar gida, dafaffen muruci a faranti, wanda ƙudaje suka fi mutane zuwa dubawa.

A shekarar ta biyu akwai ranaku da yawa da abin da tukunya ta fitar na mutum ɗaya ne. Sai in zuba mata, in ba ta a baki, in ce da ƙarfi, "To bari in je in ci nawa." In shiga madafa in zauna gwargwadon cin tuwo, in sha ruwa, in fito in wanke kwanonta. Ina ganin na iya wayo.

Ina da ƙane a Yamai, yana da shagon kayan babur. Ba mugu ba ne, hannunsa ne dai irin na jarirai. Sallah zuwa Sallah yakan aiko da turmin atamfa da sabulu da wasiƙa mai tsawo. A ta ƙarshe ya ce shi ba zai iya ciyar da gida biyu ba. In kaka ta yi ban tsaya da ƙafata ba, zai zo ya ɗauki Inna, can ga likita ga lantarki. Da aka karanta mata ta yi kwana biyu ba ta karɓi ko kunu ba. A rana ta uku ta ce wa bango, don ba ni take yi wa magana ba, "Ni ba ni mutuwa garin da ban san mai wankan gawa ba." A Gaya aka binne uwarta da mijinta, kuma tun da daɗewa ta zaɓi matan da za su wanke ta.

Abin da ya kai ni ƙofar mai unguwa ke nan, ba yarda ba. Maƙwabciyata, wata Badandiya mai bandar kifi da muka shekara goma muna aron wuta, ita ta tura ni. Ta ce, "Ke dai tahi. In sun kwashe tsohuwar, ai dama ɗanta zai kwashe ta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Na tafi aka rubuta ni, na dawo ina tunanin me ita za ta samu a ciki.

Akwai abin da ya kamata in faɗa kafin in ci gaba. Ni ce ƴar farin Inna. Wanda ya tashi a wajenmu ya san nauyin wannan. Ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba a garin Bana, a can na girma. Ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana kirana ta ce "ke", in tana zancena da wasu ta ce "mutanen gidan nan". Ranar aurena gidan maƙwabta ta shige ta zauna har aka watse. Ban ɗauki wannan ƙiyayya ba, kunya ce, ni ma ina yi wa tawa ta fari, sai dai ban kai ta iyawa ba. Shekara biyu ina wanke ta, ina kwashe abin da ya fita daga jikinta, ba ta taɓa ce min sannu ba. In godiyar ta cika mata ciki sai ta jira maƙwabciya ta shigo, ta ce mata, "Ruwan wankan yau ya yi daidai."

Wadda aka turo dubawa wata yarinya ce mai tabarau, ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, kowa madam yake ce mata. A kan mobilet ta zo, ɗan ƙaramin babur, gardi, dogarin gwamnati, yana biye riƙe da jakarta. Hausarta ta gabas ce, tana yi tana tsarma Faransanci. Ta leƙa rumbu, ta buɗe tukunya, ta tambayi nawa nake samu a ranar kasuwa. Na faɗi gaskiya, abin da ban saba yi wa mai takarda ba. Sannan ta ce in fita, za ta gana da tsohuwa ita kaɗai.

Ban ga laifinta ba daga baya. Kafin a zo kanmu mutanen gari sun riga sun gano kuɗin gaskiya ne, aka shiga aron tsofaffi. Akwai wani tsoho na bakin kogi da aka tarar a gida uku, ana kai shi a amalanke daga wannan zuwa wancan, kowane gida ana kiransa Baba. Gardin ne ya gane shi da tarinsa. Tun daga nan aka ce sai tsoho ya faɗa da bakinsa wanda ke riƙonsa, ba tare da mai riƙon yana tsaye a kansa ba. Na laɓe bayan zana don in ji, gardi ya yi gyaran murya ya nuna min zaure. Da suka tafi na tambayi Inna me aka ce mata. Ta ce, "Tambayoyin ƴan lakwal." Ƴan boko take nufi.

Bayan kamar sati biyar aka karanta sunaye a ƙofar mai unguwa. Na tsaya har aka naɗe takarda, babu nawa. Akwai na wani mai shanun noma biyu da rediyo, akwai na wata da surukarta ke daka da kanta, amma ni da kowa ya ga shanyar tsummokara kullum, babu.

Ruwa ba ya tsami banza. Na dawo gida na jera mutane a zuciyata ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa na farko, don ban kai masa ko kaza ba. Sai ƙanena, wanda na ce wataƙila ya bi ta bayan fage don a kai masa Inna, ya samu ya sayar da gidan. Amma wadda ta fi tsaya min a rai maƙwabciyata ce. Ita ta ga atamfar Sallah, ita ta san da wasiƙa, kuma ita ta tura ni tun farko. Me ya sa? Na daina amsa gaisuwarta sai da hanci. Wutata ta mutu wata safiya, na gwammace in tsallake gida uku in ɗebo. Ita kuwa ba ta fasa aiko wa Inna kan kifi ba, ni kuma ban fasa sansana shi ba kafin in sa a miya.

Da abin ya ishe ni na bar wa wata dattijuwa Inna, na tafi biro, ofishin su madam. Na wuni a kan benci kafin madam ta kira ni. Na ce mata ni ba faɗa na zo ba, suna kawai nake so, wanda ya yi min wannan aiki.

Ta jawo dosiye, takardun bayaninmu, ta buɗe. Ta ce, "Babu wanda ya kawo ƙararki. Tsohuwar da kanta ta yi bayani. Na tambaye ta wa ke ciyar da ita, ta ce ɗanta na Yamai, babban ɗan kasuwa. Wa ke tufatar da ita, ta ce shi. Dokar kuwa ta ce in akwai mai hali da ke riƙo, ba a bayarwa."

Na ce, "To ni fa? Ba ki tambaye ta ni ba?"

"Na tambaya. Ga abin da ta ce." Ta sa yatsa a kan layin. "Wata ce, takan shigo."

Wata. Na ji haushi, na ji kunya, na koma na zauna. Wata guda ina fushi da marataya, ashe makashin yana cikin ɗakina ina ba shi kunu a baki. Sannan na ce, "Madam, ni ce ta fari."

Ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi, ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce, "Ai da kin faɗa tun ranar." Ta ce a wajensu ma akwai wannan kunyar ta ɗan fari, sai dai ba ta zaci zai shigo mata cikin takarda ba. Dosiyen ya riga ya tafi babban ofishi a Doso, kuma bakina ni kaɗai ba zai gyara shi ba. Amma za ta sake zuwa ran Alhamis da mai unguwa a matsayin shaida; in tsohuwa ta faɗa a gabansu, ita za ta rubuta ta tura. Na kwance busasshen kifin da na ƙulle a gefen zane na ajiye mata, ta ce in ɗauke abina. Na fito ina cewa a raina lallai abin da take so ya fi kifi.

Washegari da hantsi ina yi wa Inna wanka, na jingina ta da ƙirjina ina cuɗa mata baya, na ce, "Inna, mi kinka ce ma madam?"

"Abin da ta tambaya."

"Kin ce wata ce ni."

Can ta ce, "Ruwan ya huce."

Na ƙara na zafi. Na ce, "Za su komo ran Alhamis. Magana guda ce, Inna. Ki ce ɗiyata ce, ita ka riƙona. Ko sunana ba sai kin kama ba. In ba ki ce ba, kaka na yi Yamai za a kai ki."

Ta ce, "Na jiya."

Na ɗauka yarda ce. Har na leƙa ta katanga na gaida maƙwabciyata gaisuwa cikakkiya, ta dube ni ta ce, "A'a, yau hancin ya warke?" Ban ba ta haƙuri da baki ba, amma na ɗebo wuta a gidanta, ita kuma ta gane.

Ran Alhamis ɗakin ya cika. Ga madam, ga mai unguwa a bakin ƙofa, ga maƙwabciyata, ga tsofaffin mata uku da ba wanda ya gayyato, sun ji labari sun zo kallo. Wannan karon ba a fitar da ni ba. Madam ta durƙusa gaban tabarma ta yi gaisuwa kamar ƴar gida, sannan ta ce, "Inna, wa ke yi miki wanka?"

Inna ta juya fuska ga bango.

"Wa ke ba ki abinci a baki?"

Mai unguwa ya ce, "Haba tsohuwa, ai mu duka mun sani, ki hwaɗi dai a rubuta." Madam ta ɗaga masa hannu. Ta ce, "To Inna, ba sai kin yi magana ba. Ga hannun matar nan kusa da naki. In ita ke riƙonki, ki taɓa shi kawai."

Na ajiye hannuna a kan tabarma kusa da hannunta na hagu, mai ran. Tsakaninsu bai kai faɗin yatsa biyu ba. Na san tana jin ɗuminsa. Hannun nan shi ke juya ta, shi ke tsefe mata kai, ta san shi fiye da yadda na san shi. Ta janye nata a hankali ta cusa cikin zane. Ta ce da murya tas, wadda na daɗe ban ji ba, "Na hwaɗa muku, yaron na Yamai shi ka riƙona."

Tsofaffin nan uku suka gyaɗa kai. Ɗayarsu ta ce, "Ɗiyar asali ke nan. Ba ta zubda kunya don kuɗin soja ba." Da ba don girmanta ba da na fitar da ita da muciya. Madam ta rufe dosiye, ta ce za ta rubuta shaidar mai unguwa a gefe amma kada in sa rai. Ban sa ba, kuma ba abin da ya zo.

Daga ranar na shiga zargin Inna, zargin da ya fi duk na baya ciwo. Na san kunya, a cikinta na girma. Kunya shiru take sa mutum, ba ta sa shi ƙarya. Da ta ce "mutanen gidan nan", kalmarta ta kullum, da madam ta rubuta, da tsofaffin ma ba su ga aibu ba. Amma sau biyu ta buɗe baki ta ɗauki wahalata ta ɗora wa mai aiko sabulu. Na ce a raina ashe duk ƙin cin nan da zancen mai wankan gawa na fatar baki ne, ɗanta take so, lantarki take so, ni dai baiwa ce da Allah ya ba ta. Ban fasa mata komai ba, wanka da abinci da juyi duk ina yi a kan lokaci, amma na daina yi mata hirar gari. Wata biyu muka yi haka, ita tana kallon bango, ni ina kallon bayanta.

Ana gama yankan dawa ƙanena ya zo da motar haya mai buɗaɗɗen baya. Muka shimfiɗa katifa, muka tare ta da matasai, aka ɗauko Inna a tabarma aka kwantar. Safiya ce, unguwa duk ta fito. Na ɗaura mata kallabi, na sa goranta na ruwa kusa da hannun hagu, na koma gefe na tsaya. Ban yi kuka ba, zuciyata ta bushe.

Direba ya tada mota, sai ta ce a dakata. Ta kira maƙwabciyata da sunanta. Ni ina tsaye taku uku daga wurin, kuma ta san ina nan, don ta san numfashina.

Ta ce mata, "Ki ce ma mutanen gidanga su koma gada. Kuma su riƙa ci. Shekara guda ina saurare, kwano guda aka wankewa gidanga. Kuɗin soja na wata ukku ba shi cika kwano biyu."

Maƙwabciyata ta waigo ta dube ni, ta dubi wuyana da ƙasusuwan da suka fito, kamar ranar ta fara ganinsu. Na buɗe baki in ce Inna, mota ta ja. Na bi ta har bakin titi a guje, ni mai jikoki, zanena yana kwancewa, ban cim mata ba.

Na koma gada a satin, da jarin kifin da maƙwabciyata ta ɗora min a ka. Inna ba ta ga damina ba. Kafin saƙo ya iso ni in hau mota in isa Yamai, an riga an kai ta makwancinta. Wasu mata ne suka wanke ta, na tambayi sunayensu, babu wadda na sani, babu wadda ta sani.

Har yau ban iya raba nawa ne kunya nawa ne dabara a abin da ta yi ba, kuma ina jin ita ma ba za ta so a raba ba. Na zargi mai unguwa, na zargi ƙanena, na zargi matar da ke aiko mana kan kifi, na zargi yarinyar da ta ƙi karɓar toshiyata. Makauniyar da ke kwance ce kaɗai ban zaci tana gadina ba. Duk wayon nan nawa na zama a madafa gwargwadon cin tuwo, bai taɓa zo min a rai in ɗauko kwano na biyu in wanke ba, ko da babu komai a cikinsa.